Yadda za ki gane launin da ya karɓe ki kafin almakashi ya taɓa atamfar

Saura mako 3 a yi ƙaramar sallar bara, wata Hajiya da na daɗe ina yi wa ɗinki ta shigo shagona da ke Tudun Wadar Kaduna, ko zama ba ta yi ba ta zazzage leshi a kan tebur. Ta ce, "Ƙanwata, duba min abin nan don Allah. A kasuwa na gan shi kamar ya yi magana, na je gida na kara a jikina sai na ga kamar wadda aka sallamo daga asibiti." Leshi ne mai nauyi, ruwan toka mai haske, an yi masa aiki da zare ruwan azurfa. Ita kuwa wankan tarwaɗa ce mai ɗan rawaya-rawaya a fata. Na ja hannunta muka fita bakin ƙofa, na ɗora mata shi a kafaɗa. Gaskiyarta ce. Ƙasan idonta ya yi duhu, gefen bakinta ya yi toka-toka, fuskar duk ta kwanta. Leshin lafiyarsa ƙalau, bai dai karɓe ta ba.

Shekarata 19 ina ɗinki, kuma babu abin da na ga yana cinye wa mata kuɗi kamar wannan. Sai a ɗora wa tela laifi a ce ɗinkin ne bai zauna ba, alhali tun a kasuwa aka yi kuskuren, lokacin da aka zaɓi launi don an gan shi a rataye ya yi kyau, ko an gan shi a jikin wata a wurin biki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da zan faɗa miki a nan shi nake yi wa duk wadda ta kawo min kaya tana kokwanto, kuma ba ya buƙatar komai sai madubi, ƙyallaye da hasken rana.

Daga haske za mu fara, don daga nan mahaifina ya fara da ni, Allah ya jiƙansa da rahama. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 Kakuri ta zama unguwar masaƙu, masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kuma Baba a sashen rini na ɗaya daga cikinsu ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Maganarsa kullum ita ce ba a yanke wa launi hukunci a ƙarƙashin ƙwan lantarki. In Inna ta sayo atamfa ta miƙa masa da daddare ta ce, "Malam, ka ga wannan?" sai ya ce, "Ajiye, sai da hantsi." Muna yara mun ɗauka rowar yabo ce. Sai da na fara sana'a na gane abin da yake nufi.

Ki ɗauki kwalin ƙwan da ke ɗakinki ki duba jikinsa, sau da yawa za ki ga an rubuta 6500K ko 3000K ko 2700K, lambar da ke nuna launin haskensa. Mai 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika shaguna. Yana ɗaga shuɗi da shunayya, ya dusashe ja da ruwan goro, ya mayar da fatar mutum kamar an watsa mata toka. Mai 2700K ko 3000K kuma shi ne mai rawaya. A ƙarƙashinsa da ƙyar za ki raba fari da ruwan madara, shuɗi mai duhu kuwa baƙi zai zame miki. A layukan ciki na Babbar Kasuwa, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wuta ake kunnawa ko da rana tsaka. Wasu rumfunan kuma an ja musu tamfol shuɗi ko kore, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya sha rinin tamfol ɗin. Hoton waya ma kada ki yarda da shi ɗari bisa ɗari, don kyamara da kanta take gyara launi yadda ta ga dama, shi ya sa atamfar da kika gani a WhatsApp take zuwa hannunki kamar ƙanwar wadda kika zaɓa.

Saboda haka ki zaɓi hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, ko bayan la'asar kafin rana ta yi ja. Ki zauna a inuwa, bakin taga ko baranda ko zaure, haske yana dukan fuskarki ta gaba. Kada ki tsaya cikin rana tsaka, tana sa mutum ya runtse ido, ta zuba masa inuwa a ƙasan ido da ba tasa ba. Ki wanke fuska tas, ba hoda, ba jan baki, ba gazal. Ki ɗan shafa mai ki jira ya shige. Ki rufe kai da baƙar hular nan ta cikin hijabi, ki cire 'yan kunne. In da hali ki kira mutum ɗaya da ba ya jin nauyin faɗa miki gaskiya. Uwa ba ta cika dacewa da wannan aiki ba, don komai 'yarta ta sa ya yi mata kyau. Yaya ko aminiya ta fi.

Gwajin da biyu-biyu ake yi. Ki fara da farin hijabi fari tas da wani ruwan madara. Ki naɗa ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ki duba, ki cire da sauri ki sa ɗayan. Sai ki koma ruwan goro da ruwan hoda mai ƙarfi. Sai kore iri biyu, mai rawaya-rawaya irin na ɗanyen ganyen da ya fara tsufa, da mai shuɗi-shuɗi. A ƙarshe ki kara sarƙar gwal da ta azurfa a wuya, amma wannan na ƙarshen ki yi hattara da shi, domin mu nan idonmu ya saba da gwal tun daga kayan lefe, zuciya takan riga ido zaɓe.

Inda mutane ke ɓata shi ne kallon yadin. Yadin kin riga kin san yana da kyau, shi ya sa kika saya. Fuskar za ki kalla. Duba ƙasan ido, ya yi duhu ko ya washe? Duba gefen baki da haɓa, sun yi toka-toka ko sun saje da sauran fuskar? Duba farin ido da haƙora, sun yi haske ko sun yi rawaya? In kina da tabon ƙuraje, ya fito ɓaro-ɓaro ko ya lafa? Sannan ki rufe ido, ki ƙirga biyar, ki buɗe. In fuskarki kika fara gani, launin ya karɓe ki. In yadin ne ya fara tsone miki ido, fuskar ta biyo baya kamar 'yar rakiya, to ya fi ƙarfinki. Ki maimaita sau biyu ko uku, ido yana buƙatar ya saba.

Abin da wannan gwaji ke tonowa shi nake kira ruwan fata, kuma daban yake da hasken fata. Za ki ga mata biyu duk baƙaƙe, amma ɗaya in rana ta haska ta sai ki ga ja-ja a ciki kamar busasshen dabino, ɗaya kuma shuɗi-shuɗi kamar 'ya'yan malmo. Haka farare, wata rawaya ce kamar man shanu, wata ja-ja ce kamar an mare ta. Sinadarin da ke rina fata, melanin, iri biyu ne, akwai mai baƙi da ruwan ƙasa, akwai mai ja da rawaya, kuma kowa da yadda Allah ya gauraya masa, ga kuma jinin da ke gudu a ƙarƙashi. Ni a shago na raba mutane gida biyu don sauƙi, 'yan gwal da 'yan azurfa. Wadda ruwan madara, ruwan goro da kore mai rawaya suka haska ta, 'yar gwal ce. Nata su ne ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan makuba, jan tumatir, ruwan lemo. Wadda fari tas, ruwan hoda mai ƙarfi da kore mai shuɗi suka haska ta, 'yar azurfa ce. Nata su ne shuɗi shar, shunayya, ruwan malmo, ruwan hanta, ruwan bula. Akwai kuma waɗanda duk ɓangaren biyu ba sa musu illa. Su abin da za su duba shi ne ƙarfin launin, mai kauri ne ya fi musu ko mai sanyi.

Za ki ci karo a intanet da masu cewa ki duba jijiyar hannunki, in kore ce kaza, in shuɗiya ce kaza. A fatar yawancinmu jijiyar ba ta ma nuna launi, kada ki ɓata lokacinki. Haka tsarin nan da ya yi tashe a Amurka a shekarun 1980, wanda ke raba mutane gida huɗu da sunan lokutan shekara. An gina shi ne a kan mutanen da gashinsu da ƙwayar idonsu ke da launi iri-iri. Mu da kusan dukkanmu baƙin gashi da baƙar ƙwayar ido gare mu, sai ya tattara mu ya zuba a kwando ɗaya, alhali tsakanin Bafulatanar Ladduga da Bagbagyiyar Kujama akwai tafiya mai nisa.

'Yata da ke karatun zane da saƙa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta kawo min labarin da ya sa na ƙara ganin girman Baba. Wani masanin sinadarai Bafaranshe mai suna Chevreul ya zama shugaban sashen rini a wata tsohuwar masaƙar dardumai ta gwamnati da ke Faris a 1824. Aka riƙa kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da suke rinawa ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin ba shi da matsala, launin da aka saƙa kusa da baƙin ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa bayanin. Wato launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa na taɓa shi. Fuskarki launi ce, hijabinki maƙwabcinta ne. Ƙari a kan haka, yadi yana mayar da haske sama ya doki haɓa da wuya, musamman mai sheƙi irin shadda da siliki. Shi ya sa koriyar shadda takan zuba wa farar mace kore-kore a ƙarƙashin haɓa.

Bari in tsaya a kan baƙar mace, don nan ne abin ya fi min ciwo. Ni baƙa ce sosai. Ina yarinya, in za a yi mana kayan sallah, goggona takan ce, "Ita wannan a nemo mata mai duhu-duhu, baƙa ba ta sa ja, ba ta sa rawaya." Da kyakkyawar niyya take faɗa, haka ita ma aka gaya mata. Na girma cikin ruwan ƙasa da ruwan toka, kuma su ne ainihin launukan da ke kashe ni. Ruwan ƙasa da ya yi kusa da fatata, in ba shi da sheƙi, sai ya haɗe da ni, ba a san inda wuya ya ƙare riga ta fara ba. Sai da na kai shekara 22 na sa atamfa ruwan ɗorawa, ranar na ga fuskar da ban taɓa gani a madubi ba. Baƙar fata ita ta fi kowace ɗaukar launi mai ƙarfi. Ja wur, rawaya, shuɗi shar, kore shar, fari fat, duk tana iya riƙe su ba su danne ta ba. Abin da ya rage mata kawai ta gano wane ja ne nata, na tumatir ko na hanta. Kakanninmu sun san wannan. Dubi yadda rawani ɗan Kura, wanda aka rina da baba aka buga har ya yi ƙyalli, yake zama a fuskar baƙin mutum. Abin da zan ja kunne a kai shi ne baƙin hijabi marar sheƙi da daddare, musamman a hoto, yana haɗiye kamannin fuska. In dole sai baƙi, ki sa hular ciki mai launi ta leƙo a goshi.

Wankan tarwaɗa ita ta fi yawan zaɓi, amma ita ta fi faɗawa tarkon launukan da suka yi kama da fata, irin su ruwan ƙasa mai haske da ruwan biskit, waɗanda ake yayinsu a gyale da abaya. In ya yi daidai da fatarki, daga nesa kamar ba ki yafa komai ba. Ki nemi wanda ya fi ki duhu sosai ko ya fi ki haske sosai. Farar mace kuma abokan gabarta su ne rawaya mai haske da koren lemon tsami, suna sa ta yi kamar mai shawara. Launuka masu kauri, ruwan hanta, shuɗi mai duhu, kore mai duhu, su ke fito da ita.

Maganar gashi a wurinmu ta sha bamban da ta wasu. Yawancinmu ba a ganin gashinmu a waje, don haka ɗankwali, gyale da hijabi su suka gaji matsayinsa, su ne bangon fuska. Wannan gata ne, don mai gashi a buɗe launi ɗaya take yawo da shi, ke kuwa kullum kina iya sauyawa. Abin da ke tsakanin kafaɗa da goshi shi ne kusan duk maganar. Zani da siket ki sa abin da ranki ke so, sun yi nisa da fuska. Masu kawo min ɗinki daga Barnawa da Sabon Tasha, waɗanda ke fita da kitso ko ƙarin gashi, nakan ce su zo gwaji da irin gashin da za su sa ranar bikin. Ƙarin gashi ruwan zuma ko ja yakan ja mutum zuwa ɓangaren 'yan gwal, ya yi faɗa da ruwan hoda. Haka wadda ta sa wa gashinta lalle. Furfura kuwa tana son fari tas, shuɗi da shunayya. Ruwan madara kusa da ita yakan sa ta yi kamar ta yi datti.

Maza ma ku matso, don maigidana da kansa sai da na raba shi da shadda ruwan siminti. Kai ɗan'uwa, gemu da hula su ne naka. Baƙin mutum mai baƙin gemu, in ya sa shadda ruwan ƙasa mai duhu ya ɗora hula mai duhu, ya ɓace. Farar shadda, sararin samaniya, ruwan madara, ko shuɗi mai haske su ke fito da shi. Dattijo mai farin gemu, fari da ruwan toka da shuɗi mai duhu suna ƙara masa kwarjini. Wanda ya rina gemu da lalle ya nemi ruwan madara, ruwan zuma ko kore mai duhu. Kafin ka biya kuɗin yadi 10 na Getzner, ka ɗora shi a kafaɗa a bakin shago. In ka riga ka saya bai yi ba, zaren aikin wuya da hular za su cece ka. Ka je wurin mai hula da ƙyallen shaddar, ka gwada zanna bukar ko kube a kanka, ba a hannu ba.

Atamfa tana da wuyar sha'ani saboda launi huɗu ko biyar ne a turmi ɗaya. Ki sa a ware ta, ki ja da baya taku biyar, ki ɗan kanne ido. Launin da ya rage bayan zanen ya dushe shi ne uwar atamfar, shi za ki yi wa hukunci. Sannan ki gaya wa telarki wane ɓangaren zanen kike so ya faɗo a wuya da ɗankwali. Tela mai lura tana iya juya yanka ta kawo furen da ya karɓe ki kusa da fuska, ta tura wanda bai yi ba can ƙasan zani.

Anko kuwa ba ke kika zaɓa ba, kuma ba za ki ƙi na 'yar'uwa ba. A nan dabara ke aiki, irin wadda muka yi wa leshin Hajiya, don mai shagon ya riga ya yanka, babu mayarwa. Na kara mata ƙyallaye har muka tsaya a kan ruwan makuba. Na faɗaɗa wuyan rigar, na zagaye shi da yadi ruwan makuba faɗin yatsa uku, na sa mata shafi mai ɗan duhu a ciki maimakon fari don tokar ta yi nauyi. Ta sayi ashoke da gyale ruwan makuba, ta sa gwal ɗinta. Tokar ta sauka ƙasa inda ba ta da ta cewa. Ko anko ne da ɗankwalinsa dole, gyale da sarƙa da jan baki naki ne, ki yi amfani da su.

Ki kuma sani fatar Kaduna ba ɗaya ba ce duk shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da ita ta yi furu-furu, a lokacin ruwan toka da launuka masu sanyi sun fi cutarwa. Kafin ki ce launi bai karɓe ki ba, ki tabbata ba man kaɗanya ne fatar ke nema ba. A zafin Maris da Afrilu kuma fuska takan ƙara duhu fiye da ƙirji da damtse, musamman ga mai yawan fita. Da fuskar za ki yi gwaji, don ita ake gani.

Akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba. Mata da yawa sun zauna a kan bencin shagona sun ce min, "Anti, ni fa kaya ba sa min kyau sai na ɗan yi haske." Wallahi ba haka ba ne, kuma ina faɗa ne da idon wadda ke auna wuyan mata kullum. Man bilicin, masu haɗin hydroquinone ko sinadarin makuri ko magungunan steroid, suna sirantar da fata, su bar kumatu ja, gaɓoɓin yatsu baƙi, wani lokaci su bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi da ke wuyar fita. Makuri kuma har ƙoda yake taɓawa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ta fuskar sana'ata kuwa, fatar da aka yi wa bilicin ita ta fi kowace wuyar yi wa zaɓi, domin launi uku ne a fuska ɗaya. Abin da ya karɓi goshi sai ya tona kumatu. Wadda ta riga ta fara, ta ga likitan fata ya nuna mata yadda za ta daina, musamman in mai steroid ne, don yanke shi farat ɗaya yakan tayar da fata. Kafin ta warke, launuka masu kauri marasa sheƙi sun fi rufa mata asiri, ta guji ruwan hoda da ja kusa da fuska.

In kin gama gwajin, kada ki bar shi a ka, ido mantuwa gare shi. Ki je wurin telarki ki roƙi ƙyallaye, kowane shago a Kasuwar Barci yana da buhunsu, kyauta za a ba ki. Ki ware guda 6 ko 8 da suka fi haska ki, kowanne kamar tafin hannu, a ɗinke miki su ta gefe ɗaya kamar ɗan littafi, ki jefa a jaka tare da ƙaramin madubi. Ranar sayayya, ko haɗa lefe, ki kara littafin a jikin turmin da ya burge ki. In sun zauna lafiya da juna, sai ki ce wa mai shago, "Alhaji, bari in kai shi bakin layi in gani." Yawancinsu ba sa hanawa. In ya nuna damuwa, ki ce ya haɗa ki da yaronsa ya riƙe miki madubin.